Takardar Yamai da na sa aka soke

Ɗalibaina na ajin ƙarshe sukan tambaye ni ƙasar da na fi jin daɗin aiki a cikinta. Da can nakan jero musu birane, in ba su labarin sanyi da liyafar jakadu. Tun damunar 2023 na daina. Yanzu labarin inda ban je ba nake ba su, domin duk tsawon shekarun da na yi a aikin diflomasiyya, da waɗanda na ƙara ina koyar da hulɗar ƙasa da ƙasa, ba abin da ke ci mini rai kamarsa.

A 1995 sunana ya fito cikin waɗanda za a tura waje, aka rubuta Yamai, babban birnin Nijar, a gabansa. Har yau ina tuna yadda gabana ya faɗi. Ni Bakatsine ne, rabin dangin mahaifiyata suna Maraɗi, saboda haka gani na yi kamar an ce in zagaya bayan gidanmu in zauna shekara uku, alhali tsararrakina na ɗaure kayan Landan da Janiba. Alawus ɗin ma ba ɗaya ba ne. A lokacin, wanda ya yi zagaye guda a Turai yakan dawo ya sayi fili ya kafa gini. Sai na shiga kamun ƙafa. Na bi ta wajen wani babba da ya san mahaifina, na ce ba na jin Faransanci, wanda gaskiya ne, na ƙara da cewa maiɗakina na bukatar ganin likitoci, wanda rabinsa ne kawai gaskiya. Ba a yi wata biyu ba aka soke takardar, aka ba ni Turai. A gurbina aka tura wani ƙanena a aiki, mutumin kudu, wanda ko "ina kwana" bai iya ba.

Ba wanda ya cuce ni. Da ƙafata na je na roƙa, kuma ranar da aka amsa har rago na yanka.

Abin da ya biyo baya ba shi da wani labari. Na yi Turai, na yi wasu wuraren, na ƙaro karatu har digiri na uku, na ajiye aiki na koma jami'a. A aji, darasin da na fi so shi ne tsarin nan na da'ira cikin da'ira, wanda aka fi danganta shi da Farfesa Ibrahim Gambari tun yana ministan harkokin waje a 1984 zuwa 1985. Da'irar ciki ita ce tsaron Najeriya da maƙwabtanta na jikin katanga, wato Benin da Nijar da Chadi da Kamaru. Sai Afirka ta Yamma, sai nahiyar gaba ɗaya, sannan sauran duniya. Shekara da shekaru ina zana wannan a allo, ina buga alli a da'irar ciki ina ce wa yara nan ne tushen komai, ban taɓa gaya musu cewa ni an ba ni ita na ƙi ba. Gaskiya ma ban ɗauke shi abin faɗa ba.

Shi kuwa wanda ya tafi a madadina, bai daɗe da sauka ba Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da gwamnatin Mahamane Ousmane a Janairun 1996. Aka tsawaita zamansa, yana nan har Afrilun 1999 da dogaran fadar shugaban ƙasa suka harbe Bare a Yamai, Manjo Daouda Malam Wanke ya hau. Ya koyi Faransanci don dole, ya tsinci Hausa a kasuwa, irin ta can mai "jika" da "lakwal" da "duwan". Ya sha shayi da ƙananan hafsoshi da 'yan jarida da malaman makaranta waɗanda ba wanda ya damu da sunansu a lokacin. Ni ina can ina rubuta rahoto kan taron da ko kujerar gaba ba a ba mu.

Ranar 26 ga Yulin 2023 dogaran fada suka sake juya wa shugabansu baya, wannan karon suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya fito a matsayin jagora. Ranar 30 ga wata ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zauna a Abuja ta ba da wa'adin mako guda, ta rufe iyakoki, ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya kuma ta katse wutar lantarki. Wata tashar rediyo ta kira ni a matsayin tsohon jami'in diflomasiyya kuma masani, na amsa ba tare da na nemi ko kwana ɗaya in yi tambaya ba. Na ce sojojin nan ba za su kai wata guda ba. Lissafina a takarda ba shi da aibu: ƙasa ce da ba ta da teku, kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya take samu, hanyar tashar Kwatano ta toshe, an riƙe kuɗinta a babban bankin yankin. Na ce talaka zai ji jiki, ya juya wa soja baya, su nemi sulhu da kansu. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, da Hausa, a tashar da ake ji har Damagaram.

Da daddare kawuna ya kira ni daga Jibiya. Tsoho ne da ya ƙare rayuwarsa yana fataucin wake da dabbobi tsakanin Katsina da Maraɗi, bai taɓa shiga aji ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Ɗana, na ji ka a rediyo. Wa ya ce maka in ka kashe wa mutum wuta, matarsa na naƙuda a asibiti, haushin sojan garinsu zai ji? Haushinka zai ji, kai da ka kashe." Na ce, "Kawu, abin yana da tsari, an sha yin haka a wasu ƙasashe." Ya ce, "To, Allah ya nuna mana." Bai ƙara ba, ni ma na kwanta ina ganin tsoho ne bai fahimta ba.

Ranar da wa'adin ya cika, 6 ga Agusta, dubban mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountche suna goyon bayan sojoji. Ba wai ban san da haushin Faransa a Nijar ba. Na karanta batun yuraniyom ɗin Arlit, na karanta ƙorafin kuɗin sefa, na san da sojojin Faransa kimanin 1,500 a ƙasar. Amma a takarda na san su, ban taɓa zama a majalisar shayi na ji yadda muryar saurayi ke rawa in yana maganar ba. Wanda ya zauna shekara huɗu a Yamai ba zai yi kuskuren auna nauyin wannan fushi ba. Haka kuma ban lissafa namu ɓangaren ba. Iyakar nan ta kai kimanin kilomita 1,500, ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, kuma a Illela da Jibiya da Maigatari rufe ta rufe bakin tukunya ne. Motocin kaya suka yi layi, albasa ta ruɓe a kansu. Majalisar dattawa ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfin soja, limamai suka yi ta huɗuba a kai. Duk wannan a ƙofar gidanmu, amma sai da ya faru na gan shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waɗanda ƙofa ta buɗe wa. Tawagar farko ta ECOWAS, da Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi a ciki, ta dawo ba ta ga Tchiani ba. Ranar 9 ga Agusta sai ga Muhammadu Sanusi II zaune da shi, bayan 'yan kwanaki kuma tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta samu ganinsa. Sai daga baya Abdulsalami ya koma har ya ga Bazoum. Wato sarauta da malanta da zumunci da harshe su suka fara shiga inda takardar hukuma ta tsaya a bakin ƙofa. Waɗannan kuwa gadonsu na yi, a cikinsu aka haife ni. Da na karɓi takardar 1995, da na ɗora musu Faransanci da sanin mutane, da na zama irin jami'in da ƙasata ke nema da fitila a wannan makon. Na sayar da wannan duka saboda alawus.

Sai da na biya kuɗin kuskuren kashi biyu. Wata cibiyar bincike ta neme ni in jagoranci wani rahoto kan rikicin. A hirar farko tambaya uku suka yi mini: ina jin Faransanci, wa na sani a Yamai da zai ɗauki wayata, yaushe rabona da ƙasar. Ban da amsar ko ɗaya mai daɗin ji. Aikin ya koma hannun wancan ƙanen nawa, kuma ya cancanta, don mutanen da ya sha shayi da su yanzu su ne manyan hafsoshi da daraktoci. Wannan na haɗiye shi. Wanda ban iya haɗiyewa ba shi ne na dangi. An yanko muryata ana ta turawa a WhatsApp, 'yan uwan mahaifiyata a Maraɗi suka ji ta a matsayin ɗansu na goyon bayan a sa su cikin duhu. Innata, ƙanwar mahaifiyata, ta yi wata biyar ba ta ɗaga wayata ba.

Har gobe ba na goyon bayan juyin mulki, kuma tsare Bazoum zalunci ne a wurina. Kuskurena a kan hanyar da za ta yi aiki ne, da kuma saurin bakin da na yi. A Fabrairun 2024 ECOWAS ta ɗage yawancin takunkumin, sojoji na kan mulki, Bazoum na tsare. A Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata, daga ƙungiyar da aka kafa a Legas tun 1975. Wata guda na ce.

Yanzu duk ɗalibin da ya ce mini yana son aikin jakadanci, tambayar farko da nake yi masa ita ce Faransanci. In ya ce babu, nakan ce ya fara yau, tun kafin ya cike takardar neman aiki, don duk maƙwabtanmu huɗu da shi suke aikin gwamnati. In an tura ka Yamai ko Njamena ko Yawunde, ka tafi, kada ka bi ta wajen kowa. In ka je, kada ka tare a ofis da gidajen jakadu. Ka riƙe littafi ka rubuta sunan ƙaramin hafsa da ɗan jaridar da ba shi da mota, ka riƙa gaishe su da salla ko bayan ka bar ƙasar. Kuma in rediyo ta kira ka kan wata ƙasa, ka ce su ba ka zuwa gobe, ka kira direban babbar mota ko ɗan kasuwar da ke bin hanyar kafin ka buɗe baki. Da na kira kawuna da rana maimakon ya kira ni da dare, da ban faɗi abin da na faɗa ba.

Da aka buɗe iyaka a Maris 2024 na shiga mota na bi ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Katsina, wadda na yi fiye da shekara ashirin ban yi ba. Na durƙusa gaban Inna na ba ta haƙuri. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Tashi, ai ba ka san mu ba ne." Ta sa aka kawo mini fura. Na dawo na nemi wani malami ɗan Damagaram da ke zaune a unguwarmu, yana zuwa gidana Litinin da Alhamis bayan la'asar yana koya mini Faransanci.