Abin da Kwalkwalin Mutum-mutumi Ya Koya Mini Game da Yanka Soso

Shekara 11 ke nan ina aiki a wani shagon haɗa kujerun majalisi a kudancin Jidda, kuma a tsawon wannan lokaci babu ranar da hannuna bai taɓa soso da gam da wuƙa ba. Saboda haka, da ɗan yayata mai shekara 10 ya zo mini da hoto a wayar mahaifiyarsa ya ce, “Kawu, irin wannan kayan nake so ka haɗa mini,” ban ɗauki maganar da wani nauyi ba. Hoton na Mega Man ne, shuɗin mutum-mutumin nan na wasan bidiyo wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1987, wanda ni ma na buga ina yaro a na'urar da Larabawa ke kira kwamfutar iyali. Tun da aka yi taron Comic Con, wato bikin masoya littattafan zane da finafinai da wasannin bidiyo, na farko a Jidda a watan Fabrairun 2017, yaran garin nan, har da namu na Hausawa, suka saba ganin hotunan mutane sanye da kayan taurarin wasanni, kuma kowane yaro yana da wanda yake mafarkin zama. Na ce masa ya ba ni mako guda. Sai da aikin ya cinye mini mako 7 na hutun makaranta.

Abin da ban lura da shi ba a hoton shi ne babu kusurwa ko ɗaya a jikin wannan halitta. Kwalkwalinsa kamar an kifa ƙwarya ne, takalmansa sun buɗe daga gwiwa zuwa ƙasa kamar ƙararrawa, bindigar da ke hannunsa kuwa ta kumbura a tsakiya ta tsuke a baki kamar gora. Mu kuma a shago duk aikinmu miƙaƙƙen layi ne, domin matashi da kushin da majingina ba su wuce tsawo da faɗi da kauri ba. Wani abin da na daɗe ban yarda da shi ba, sai wannan aiki ya tilasta mini, shi ne yadi ya daɗe yana rufa mini asiri. Idan na yanka soso ya karkace kaɗan, da zarar an ja yadi an buga ƙusa, babu mai gani. A jikin mutum-mutumi babu abin da zai rufe aikin sai fenti, shi kuwa fenti mai sheƙi tona asiri yake yi, domin duk inda aka sami tudu ko rami, a nan haske yake karyewa ido ya tsaya.

Gwajina na farko bai cancanci dogon bayani ba. Na hura balan-balan, na yi ta manna masa tsohuwar jarida da farin gam, amma laimar Jidda ta hana takardar bushewa da wuri, balan-balan ɗin ya sace kafin ta yi ƙarfi, da safe na tarar da abu ya yamutse kamar busasshen tumatir.

Daga nan na koma wa robar nan mai laushi da ake shimfiɗawa a ɗakin wasan yara da wuraren motsa jiki, wadda ake kira EVA, mai kaurin milimita 10. Ita ce abin da masu haɗa irin waɗannan kayan taurarin wasanni suka fi amfani da shi, saboda ba ta da nauyi, ba ta shan ruwa kamar soson kujera, kuma idan ta ji zafi tana lanƙwasuwa ta riƙe siffar da aka ba ta bayan ta huce. Kayan aikin ya dace, hannun ne bai dace ba. Na yanka ta da ka, ba tare da samfur ba, na tanƙwara ta da ƙarfi na haɗa bakunan, sai kwalkwalin ya fito da ƙusumbi huɗu. Maimakon in tsaya in tambayi kaina dalili, sai na ce ai gyara ne, na cika ramukan da ƙullin da ake toshe tsagar bango, na bi da samfefa, na ƙara ƙulli, na ƙara gogewa, har kwana 5. Kwalkwalin ya yi nauyi, kuma ranar da yaron ya buɗa shi zai sa kansa, duk abin da na shafa ya dare ya zube, domin roba tana motsi, busasshen ƙulli kuwa ba ya motsi.

A shagonmu akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba, wanda ya yi dukanci da ɗinkin takalma a Kano kafin ya zo ƙasar nan shekaru masu yawa da suka wuce. Ya daɗe yana kallona bai ce komai ba, sai ranar da ya ga na sake ɗaukar samfefa. Ya karɓi kwalkwalin ya juya shi a hannu, ya ce, “Ɗana, ran gini ran zane. Abin da ba ka sa a wuƙa ba, ba za ka same shi a samfefa ba.” Na ce, “Baba, to yaya shimfiɗaɗɗen abu zai zama ƙwarya?” Sai ya nuna mini yadda masu takalma suke fitar da samfur daga ƙafar katako. Ana naɗe abin da leda, a bi shi da salatif ɗin takarda har ya rufe ko'ina, a zana layuka a kansa inda ake so ɗinki ya bi, sannan a yanka a ɓare shi a shimfiɗa a kan kwali. Duk inda ya ƙi kwanciya, a tsaga shi kaɗan har ya kwanta, kuma wannan tsagar da ta buɗe baki ita ce ainihin sirrin kumburin, domin idan aka yanka roba a haka aka haɗe bakin tsagar, dole ta tashi ta yi ƙoƙo. Abin da na yi mako biyu ina nema da ƙarfin damtse, ashe a takarda yake.

Muka sami hular kwano ta yara muka yi samfur a kanta. Rabin dama kawai na zana, na juya kwalin na fitar da rabin hagu, ta yadda ɓangarorin biyu ba za su saɓa ba. Baba ya sa na yi ƙananan alamu a gefen kowane yanki, duk bayan santimita 3 ko 4, kafin in raba su, saboda in san inda kowane baki zai haɗu da ɗan'uwansa. A lokacin na ga kamar ɓata lokaci ne, amma lanƙwasasshen baki yana miƙewa a hannu ba tare da mutum ya sani ba, kuma idan babu alama sai ka kai ƙarshen haɗi ka tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya da yatsa guda. A nan ne kuma na gane wani lissafi da ban taɓa buƙata ba a aikin kujera. Kewayen kan yaron santimita 54 ne, na yanka abin wuyan kwalkwalin daidai da haka, sai ya ƙi shiga, domin idan aka naɗe roba mai kaurin milimita 10 ta zama zobe, cikinta yana raguwa da kusan santimita 3 daga tsawon da aka yanka. Kaurin kayan yana cin nasa rabon, kuma dole a ba shi tun a samfur.

Yankan kansa sai da na sake koyonsa. Wannan roba tana kashe kaifin reza da saurin da ban zata ba, kuma dakusasshiyar wuƙa jan robar take yi, ta bar baki mai gashi-gashi wanda ba zai taɓa haɗuwa sumul ba. Na koma wasa wuƙa bayan kowane yanka biyu ko uku, ina ja sau ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba tare da sassaƙa ba, kuma ina lura da tsayuwar wuƙar, domin idan ta tsaya sak haɗin yana fitowa a kwance, idan kuwa ta kwanta ciki sai haɗin ya yi tsini. Bayan yanka sai gasa robar. Nakan bi kowane yanki da injin hura iska mai zafi har ya yi laushi, in danna shi a bayan ƙwarya ko kwanon silba, in riƙe har ya huce. Dole a yi wannan kafin a sa gam, tun kowane yanki yana shi kaɗai, kamar yadda ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan aka gasa bayan an haɗa, zafin yana sassauta gam, haɗin ya buɗe.

Gam ɗin masu takalma na yi amfani da shi, wanda na saba da shi, amma gaggawar da nake yi masa a aikin kujera ba ta yi a nan ba. Ana shafa shi siriri a bakuna biyu, a bar shi ya sha iska har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa, kuma da zarar sun taɓa juna babu gyara. Na koyi fara daidaita gefen waje, wanda ido zai gani, ina tafiya daga alama zuwa alama, in bar duk wata tangarɗa ta koma ciki. Warinsa yana hawa kai, saboda haka a ƙofar shago nake yi, ban kuma yarda yaron ya zauna kusa ba sai an gama.

Da haɗin ya yi kyau, gogewar da ta ci mini kwana 5 a baya ba ta wuce awa biyu ba. Na fara da samfefa mai lamba 120, na koma 220, na ƙare da 400, na sake bi da iska mai zafi sama-sama don ƙananan ƙofofin robar su rufe, sannan na shafa farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa har sau 4, ina barin kowane shafi ya bushe. Idan ba a yi haka ba, robar shanye fenti take yi, ta fito dishi-dishi. Kuskure ɗaya da na tafka a wannan mataki shi ne toshe wata 'yar tsaga a bindigar da silikon, alhali fenti ba ya kama silikon, sai da na ƙwaƙule shi na sa abin toshewa na akirilik, wanda ake lailayewa da jiƙaƙƙen yatsa. Fentin feshi kuma ya nuna mini cewa zama kusa da Bahar Maliya yana da nasa sharaɗi. Daren da laima ta yi yawa na fesa takalman, shuɗin ya yi hazo-hazo kamar an hura masa numfashi, dole na jira ranar da iska ta bushe na sake, ina fesawa kaɗan-kaɗan daga nesa.

Akwai abin da na kusan mantawa da shi gaba ɗaya saboda na shagala da kyan siffa, wato a cikin kayan nan mutum ne zai shiga. Takalman farko sun yi kyau a tsaye, amma da yaron ya taka sai suka riƙa karo da juna, ya kasa lanƙwasa gwiwa. Na rage faɗinsu ta ciki, na bar ƙasansu a buɗe yadda zai sa takalminsa na gaske, na ɗaure su da roba mai talewa a ƙwauri. Robar EVA ba ta barin iska ta wuce, ga zafin watan Agusta da kan kusanci digiri 40, saboda haka na huda ƙofofi a ƙarƙashin da'irorin kunne inda ba a gani, na kuma liƙa siririn soson kujera a ciki don kwalkwalin ya ɗan ɗaga daga fatar kai. Nan kaɗai sana'ata ta asali ta yi mini rana. Zafin bai ƙyale ni haka ba, domin wata rana na bar bindigar a cikin mota daga azahar zuwa la'asar, na dawo na tarar gefen da ya jingina da gilashi ya lotsa, haɗi ɗaya ya buɗe baki. Da yake samfurin kwalin yana nan a ajiye da lambobinsa, yankuna biyu kawai na sake fitarwa.

Tun daga lokacin, idan aka kawo mana majingina mai lanƙwasa ko kujera mai zagayayyen hannu, wadda a da nake cusa wa auduga har ta cika ido, sai in ɗauko leda da salatif in fitar da samfur tukuna, abokan aikina suna yi mini dariya wai na zama tela. Yaron ya sa kayan a taron 'yan'uwa da muka yi a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa da ake haya don taro, kafin a koma makaranta, ya yi kamar minti 20 yana harbin ƙannensa da bindigar roba, sannan ya zo jage-jage da gumi ya ce, “Kawu, cire mini, amma kada ka ba kowa.” Kwalkwalin farko mai ƙusumbi huɗu kuwa Baba ya hana ni jefarwa, yana nan a kan teburinsa a buɗe, a ciki yake zuba ƙananan ƙusoshi da alli.