Kwamfuta ta ƙi karɓar kalmar sirri: kada a yi saurin formate ta

A nan Tawa, idan mutum ya ɗauki kwamfutarsa ya kai wa mai gyara ya ce ta ƙi rubutu, sau da yawa amsar da zai fara ji ita ce sai an formate. Wato a share Windows a zuba sabo. Idan ba a kwashe kayan ciki ba, hotunan biki da takardun aiki da rubutun ɗalibi na shekara guda duk sun tafi ke nan. Abin yana ci mini rai, domin galibi ciwon bai kai can ba, kuma mai kwamfutar da kansa zai iya gano shi a gida.

Ka fara da kallon akwatin da ake rubuta kalmar sirri. Idan ka danna maɓalli, ɗigo yana fitowa ko ba ya fitowa? Daga amsar nan hanya take rabuwa.

Idan ɗigo yana fitowa amma kwamfuta ta ce kalmar ba daidai ba ce, to kilabiyenka, wato allon maɓallan rubutu, lafiyarsa lau, harshe ne ya saɓa. Mu a Nijar kilabiye iri biyu ke yawo a hannunmu. Akwai na Faransanci, AZERTY, wanda aka saba da shi a ofisoshi da makarantu, akwai kuma QWERTY na Ingilishi, wanda ke zuwa da yawancin kwamfutocin da ake shigowa da su daga Najeriya ta Ƙonni. Rubutun da ke kan maɓalli fenti ne kawai. Windows ne ke yanke wane harafi zai fito, bisa harshen da aka saita masa. Ɗauki kalmar sirri kamar Azawak2024. Idan maɓallanka na AZERTY ne amma Windows yana kan Ingilishin Amurka, A zai fito Q, Z ya fito W, W ya fito Z, sai ka rubuta Qwqzqk ba ka sani ba. Lambobin sun fi ruɗarwa. A AZERTY sai an riƙe Maj, wato Shift, maɓallin manyan haruffa, kafin lambobin layin sama su fito. Ba tare da shi ba 2024 zai zama éàé'. Wanda ya saba riƙe Maj ɗin kuwa, idan Windows ya koma Ingilishi, @)@$ zai samu. Alamar @ ma tana sauya gida: AltGr da 0 a Faransanci, Maj da 2 a Ingilishin Amurka. Harafin M yana kusa da L a AZERTY, a QWERTY kuwa yana layin ƙasa kusa da N.

Maganin yana ƙasan allo ta hannun dama, inda aka rubuta FRA ko ENG. Danna shi da linzami, wato mouse, ka zaɓi wanda aka yi kalmar sirrin da shi, ko ka danna maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara. Sannan akwai ɗan hoton ido a ƙarshen akwatin: riƙe shi da linzami, zai nuna maka ainihin abin da ka rubuta. Mutane da yawa ba su san da idon nan ba, alhali shi kaɗai yana warware rabin rigimar.

Duba Verr Maj (Caps Lock, mai kulle manyan haruffa) da Verr Num (Num Lock, mai kulle lambobi) kuma. A ƙananan kwamfutocin hannu da ba su da rukunin lambobi a gefe, idan Verr Num yana kunne sai J, K, L su koma 1, 2, 3, U, I, O su koma 4, 5, 6. Fn da Verr Num ke kashe shi. Kada ka yi ta gwada kalmar a makance: sababbin Windows 11 suna kulle asusu na minti 10 bayan kuskure 10. Ka kuma tabbata ba lambar PIN ake tambayarka ba kana ba da kalmar sirri; Options de connexion da ke ƙarƙashin akwatin zai ba ka zaɓi.

Yanzu ga wanda ɗigo ba ya fito masa ko ɗaya. Danna cikin akwatin da linzami tukuna, wani lokaci ɗan sandan rubutun ne ba ya ciki. Sai ka danna Verr Maj ka ɗan riƙe shi ka ga ko fitilarsa ta kama. Idan ta kama, kilabiye yana samun wuta kuma kwamfuta tana jin sa. A nan abin da za a fara zargi shi ne Touches filtres, wani tsari da aka yi domin masu rawar hannu. Riƙe Maj na dama na daƙiƙa 8 ke kunna shi, kuma yaro da ya jingina a kan kilabiye ko littafi da aka aza a kai ya isa. Da ya kama, kwamfuta ba ta kula da ɗan taɓi, sai an riƙe maɓalli kusan daƙiƙa guda. Gwada riƙe harafi ɗaya ka gani. Idan ya fito, je wurin alamar Options d'ergonomie, ko Accessibilité a Windows 11, kusa da alamar kashewa, ka kashe shi.

A wannan wurin dai akwai Clavier visuel, kilabiyen da ke fitowa a kan allo ana danna shi da linzami. Ko kilabiyenka ya mutu murus, da shi za ka shiga. Yana kuma nuna haruffa yadda Windows ke ganinsu, ka ga ya sake tona maganar AZERTY da QWERTY. Da ka shiga, kafin komai, kwashe muhimman takardunka zuwa kile, wato ƙaramin ma'ajin USB.

Idan fitila ba ta kama ba, sai a gano ko laifin ƙarfe ne ko na Windows. Kashe kwamfuta, ka kunna, ka yi ta danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar da ba ya dogara da Windows, tun kafin tambarin Windows ya fito: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad na Lenovo, Suppr a yawancin na tebur da aka haɗa. Idan ka shiga kuma kibiyoyi suna motsi, kilabiye yana da rai, matsalar tana cikin Windows. Kada ka sauya komai a ciki, musamman idan an kulle faifan da BitLocker, makullin faifai na Windows, domin yana iya neman mabuɗinsa mai lamba 48.

Ga kwamfutar tebur, mayar da wayar kilabiye zuwa ramin USB na baya, wanda ke manne kai tsaye da uwar allo, wato babban allon da ke cikin kwamfutar. Na gaba su ne suke fara lalacewa. Idan Windows 7 ce, guji rami mai shuɗin ciki, USB 3.0 ke nan, kuma Windows 7 ba ta zo da direbansa ba, wato ƙaramar manhajar da ke sa na'ura ta yi aiki. Tsohon kilabiye mai zagayayyen baki, PS/2, raminsa shi ne mai launin shunayya, kore na linzami ne, kuma ba a soka shi kwamfuta na kunne. A kashe, a soka, a kunna. Mara waya kuwa a sauya masa batir, a matso da shi kusa da ɗan abin karɓar saƙonsa da ake sokawa a ramin USB. Na Bluetooth galibi ba ya aiki a BIOS, saboda haka kada a yanke masa hukunci da wannan gwaji. Aro kilabiyen USB mai waya daga maƙwabci ya fi duk wani dogon nazari.

Yadda ake kashe kwamfuta yana da hannu a nan fiye da yadda ake zato. Tun daga Windows 8 akwai Démarrage rapide: idan ka ce Arrêter, kwamfuta ba ta mutuwa ɗungum, tana adana halin da direbobi suke ciki ta taso da shi gobe. Idan direban kilabiye ya rikice, rikicin zai kwana ya tashi tare da ita. Redémarrer ne ke wanke wannan, don haka zaɓe shi daga alamar kashewa da ke allon shiga. Idan bai yi ba, cire wayar wuta, cire batir in mai fita ne, riƙe maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, ka mayar. Idan har yanzu shiru, shiga da Clavier visuel, buɗe Gestionnaire de périphériques, wato jerin na'urorin kwamfutar, ƙarƙashin Claviers ka cire kilabiyen daga jerin, ka sake kunnawa. Windows zai ɗora direban da kansa.

Akwai kuma wanda ɗigo ke cika masa akwati ba tare da ya taɓa komai ba. Maɓalli ne ya maƙale. Ƙurar hunturu da yashin Adar suna shiga ko'ina, amma sukarin shayi ya fi su ɓarna, domin idan ya bushe yana zama danƙo. Kashe kwamfuta, kife kilabiyen ka bubbuga a hankali, ka share tsakanin maɓallai da busasshen buroshi mai laushi. Inda shayi ko fura ta zuba, a goge da auduga da alkol na goge kayan lantarki, kada a sa ruwa. A kwamfutar hannu, idan layi guda na haruffa ya mutu tare, yawanci siririn kintinkirin da ya haɗa kilabiye da uwar allo ne ya saki ko ya tsage, wannan aikin mai gyara ne, kuma sauya kilabiye ba ya buƙatar taɓa faifan ajiya ko kaɗan. Idan kuwa ka ga kilabiyen ko wurin linzami ya tudu sama, batir ne ya kumbura, zafin watan Afrilu da Mayu yana hanzarta haka. Cire ta daga caji nan take, kada ka danne, kada ka huda, a sauya batirin.

Bayan ka samu shiga, saura gyara ɗaya domin maganar harshe kada ta dawo. Allon shiga yana da nasa saitin daban da na asusunka, shi ya sa za ka ga ciki Faransanci, ƙofa Ingilishi. Saita kilabiyen da kake so, sannan ka je Panneau de configuration, Région, Administration, Copier les paramètres, ka sa alama a Écran d'accueil et comptes système, ka danna OK. Sake kunna kwamfutar, ka dubi ƙasan allo ta dama ka tabbata FRA ko ENG ɗin da ke wurin shi ne wanda ya dace da maɓallanka.