Wisk a rawar wals: a taki na biyu ake ƙulla shi

Wisk, wani salon taku a rawar wals ta namiji da mace, taki uku ne kacal, kuma cikin ƙirga guda ta ɗaya, biyu, uku ake gama shi. Ina magana ne a kan wals mai jinkiri, wadda malaman rawa na Ingila suka daidaita dokokinta a shekarun 1920, ake kuma kaɗa ta sau 28 zuwa 30 na wannan ƙirgar a minti, ba ta Biyenna mai ninkin wannan saurin ba. Aikin wisk shi ne ya fitar da ku daga rufaffen riƙo, inda kuke fuskantar juna, zuwa firominad, inda gefen damar namiji da hagun mace ke nan a haɗe, ɗaya gefen kuma ya ɗan buɗe kamar ƙofar da aka sassauta. Sunan dai ba ruwansa da wiskin kwalba.

Ɓangaren namiji na fara koya. Kana fuskantar bangon ɗakin rawa a karkace, sai ka tura ƙafar hagu gaba da diddige, ka mirgina zuwa yatsu, tashi ya soma a ƙarshen ɗaya. A biyu ƙafar dama ta tafi gefe kuma ɗan gaba, bisa yatsu, kana ci gaba da tashi. A uku ƙafar hagu ta gitta bayan ta dama, kana sama, sai a ƙarshen ƙirgar diddige ya sauka. Namiji ba ya juyawa ko kaɗan. Mace ce ke yin kwatan juyi zuwa dama: ƙafar dama baya, ta hagu baya a karkace, sannan ta dama ta gitta bayan ta hagu. Ƙafafunta ne ke juyawa tsakanin ɗaya da biyu, jikinta sai a uku yake kammalawa, kanta kuma ya koma dama.

Makonnin farko duk hankalina yana kan gittawar nan, tunda ita ido ke gani. Nakan wurga ƙafar hagu baya da nisa, nauyina ya bi ta, diddige ya doki katako, ƙwas! Kafin in ankara na jingina baya, na janyo abokiyar rawata a kaina, ga shi taki na gaba gaba ake yinsa. Dalilin bai wuce ɗaya ba: ban gama hawa kan ƙafar dama ba nake barinta. Idan nauyi ya zauna daram a kan yatsun dama a ƙirga ta biyu, ƙafar hagu ba ta ɗauke da komai, kuma karkatar jiki zuwa hagu, wadda ake riƙewa a biyu da uku, ita ke jawo ta ta zame baya da kanta. Cinyoyi su haɗu, gwiwoyi a sake, tazarar ƙafafun kuwa 'yar kaɗan ce.

Abin da ya gyara ni shi ne tsayawa. Ba kiɗa, in yi ɗaya, in yi biyu, in daskare bisa yatsu har in ƙirga huɗu, sannan in bar ƙafar ta gitta. Ranar farko idon sawuna rawa yake yi tun kafin in kai uku. Sai kuma gwajin kunne: idan na ji ƙarar diddigena a ƙarshen uku, faɗowa na yi. Sauka ta gaskiya shiru take, diddige ya ɗan taɓa ƙasa a daidai lokacin da gwiwa ke lanƙwasawa don turo ka gaba.

Wannan "ɗan gaba" na taki na biyu ma kada a raina shi. Ƙafar macen baya take tafiya a karkace, to in ka tafi gefe zalla ba ka bi ta ba, sai rata ta buɗe a tsakaninku, riƙon ya koma na hannu kawai.

Kuskure na biyu ya fi wuyar gani, don mai yinsa ji yake daidai yake yi. Da na ji an ce a buɗe, sai in juya ƙirjina hagu, in miƙe hannun hagu kamar mai nuna hanya. Nan take kafaɗarta ta hagu ta kuɓuce, mu koma kafaɗa da kafaɗa kamar masu tafiya kasuwa. Daidai shi ne kanka kawai ya dubi hagu, ƙirji yana nan wajenta. Ni har nakan ji kamar na ɗan juya dama ne, gindin tafin hannuna na dama yana sanar da ita a bayanta cewa ta buɗe. Ba a murɗa ta da hannu. Da na gwada ɓangaren mace na gane yadda abin yake da ban haushi: in namiji ya buɗe da yawa, ba inda za ka sa ƙafar dama sai ka tsallake, kai kuma ya juya kafin jiki.

Yawanci daga juyin hagu, wani salon taku na wals, nake shiga wisk, tunda yana ƙarewa ina fuskantar bango a karkace, ƙafar hagu kuma a sake. Fita kuwa da shase ne, salon da ƙafa ɗaya ke zuwa ta haɗu da ɗaya a tsakiyarsa, mai ƙirgar "ɗaya, biyu, da, uku", wato taki huɗu cikin bugu uku. Takinsa na farko shi ne alƙali: ƙafar dama ta wuce gaba a gicciye da diddige, ku biyun kuna bin hanya ɗaya. In sai da na yi yunƙuri kafin ta fita, ko na ji cinyata ta ci karo da tata, ba na neman laifin a shase. Komawa nake yi taki na biyu in sake tsayawa a kai.