"Yaya barci?": abin da na koya a aikin bincike a Gombe

Makonni biyun farko da muka yi muna zaga unguwannin Gombe, daga Bolari zuwa Pantami, hannu rabbana muke dawowa. Aikinmu shi ne gano abin da ke hana masu fama da shaye-shaye da ciwon damuwa zuwa asibiti. Sai dai tambayar farko a takardarmu ita ce: "Akwai mai taɓin hankali a gidan nan?" Wa zai amsa, alhali yana da 'ya'yan da yake son aurarwa? Sai a ce "Allah Ya kiyaye", a rako mu zaure.

Wata tsohuwar ungozoma ce ta gyara mini. Ta ce, "'Yata, ba haka ake shiga gidan mutane ba. Ki tambaye su barci."

Na ce, "Barci kuma, Inna?"

Ta ce, "Ki gwada."

Na gwada kuwa, kuma daga ranar bakuna suka buɗe. Wata matar aure mai goyo ta ce rabonta da barcin kirki tun haihuwarta ta uku. Da hira ta yi nisa sai ta tura ƙofa, ta jawo wata kwalla daga ƙarƙashin gado. Kwalaben kodin ne a ciki, duk babu komai, an lulluɓe su da tsohon zane. Ƙawarta ce ta fara zuba mata a lemo don zuciyarta ta yi sanyi. Tun watan Mayun 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, amma ita ba ta taɓa nema ta rasa ba.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Irinta ke nan, suna cikin ɗaka. Kafin ta isa gaban likita sai ta nemi izinin miji, ta nemi kuɗin Keke, sannan ta jure idon wanda zai gan ta a layin masu ciwon ƙwaƙwalwa ya kai labari unguwa.

Kuskurena, wanda har yau yake ci mini rai, shi ne na tono mata ciwo ban zo da magani ba. Ta share hawaye ta ce, "To Yaya, yanzu ina zan je?" Ni kuwa biro da takarda kawai nake riƙe da su.

Daga nan na ƙi sake shiga kowane gida sai da muka daidaita da wata ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitin unguwa, wadda ta sami horon mhGAP, wato shirin Hukumar Lafiya ta Duniya na koya wa ma'aikatan lafiya kula da masu matsalar ƙwaƙwalwa. Muka tsara matan su riƙa zuwa ranar rigakafin yara, su saje da sauran iyaye.

Ita ma matar nan ranar ta zo, da goyonta da katin rigakafi a hannu. Bayan an ɗiga wa yaron magani, ma'aikaciyar jinyar ta ja ta ɗakin ciki ta saki labule.