Sabon tsarin jarrabawar lasisin ma'aikatan jin daɗin jama'a a Amurka: yadda za a shirya mata

A yawancin jihohin Amurka, da lardin Biritish Kolombiya na Kanada, digiri kaɗai ba ya bai wa mutum lasisin aikin jin daɗin jama'a. Sai ya ci jarrabawar ASWB, wato ƙungiyar da ta haɗa hukumomin ba da lasisi na jihohi da larduna. Matakanta biyar ne, amma waɗanda aka fi zama su ne na mai digirin farko, na mai digiri na biyu, da na masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa. Daga watan Agusta na 2026 tsarin jarrabawar ya zama sabo, kuma wanda ya tsara karatunsa da tsohon ma'auni zai ɓata lokaci a inda bai kamata ba.

Tsohon tsari, wanda aka fara aiki da shi a 2018, tambayoyi 170 ne cikin awa huɗu. Guda 150 ake ba wa maki, sauran 20 na gwaji ne da ake auna ingancinsu, kuma ba a nuna maka su. Sabon tsari tambayoyi 122 ne, 110 masu maki da 12 na gwaji, lokacin kuma yana nan a awa huɗu. A da kowace tambaya tana da kamar daƙiƙa 85, a sabon tsari tana da kusan minti biyu. Mutane suna jin haka sai su ce abin ya yi sauƙi. Lokaci ya ƙaru, gaskiya ne, amma kowane kuskure ya ƙara tsada, domin ɗaya cikin 110 ya fi ɗaya cikin 150 nauyi.

Sauyin da ya fi muhimmanci yana cikin rabon darussa. Sassa huɗu sun koma uku: ɗa'a da ƙa'idojin aiki, tantance matsala da tsara mafita, sai kuma aiwatar da taimakon. Sashen girman ɗan'adam da halayensa, wanda a da yake tsaye da kansa, ya narke cikin sauran. Wannan ba ya nufin a daina karanta matakan girman ɗan'adam na masana Erikson da Piaget. Za su zo ne a cikin labari: yaro ɗan shekara huɗu yana yin kaza, shin daidai yake da shekarunsa ko akwai abin dubawa? Ita kuwa ɗa'ar aiki, a tsohuwar jarrabawar masu lafiyar ƙwaƙwalwa kashi 19 cikin 100 ce kawai, a ta masu digiri na biyu kashi 25. A sabon tsari tana ɗaya daga cikin ginshiƙai uku. Wanda ya saba ajiye ta zuwa makon ƙarshe sai ya dawo da ita makon farko.

Kundin ɗa'a na NASW, ƙungiyar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta Amurka, wanda aka yi wa gyara a 2021, shi ne littafin da za a riƙa komawa. Haddace shi ba ya wadatarwa, domin tambayoyin sukan haɗa ƙa'idoji biyu su yi karo. Rufe sirri wajibi ne, amma yana da iyaka: idan akwai zargin cin zarafin yaro, ma'aikaci yana kai rahoto ga hukuma ba tare da jiran hujja ba, bincike aikin hukumar ne. Idan mutum ya yi barazanar cutar da wani da ya ambata, akwai nauyin kare wancan ɗin, ƙa'idar da ta samo asali daga shari'ar Tarasoff ta 1976 a Kalifoniya. Wanda ya taso a inda ake kiran dattawa su yi sulhu ya yi hattara a nan. Idan mace baliga mai hankali ta zo da matsalar gidanta, sanar da iyayenta ko mijinta ba da izininta ba keta sirri ne a wannan jarrabawa, ko da niyyar alheri ce. Haka nan idan ta zaɓi abin da kai ba ka so, matuƙar babu haɗari ga rai, zaɓinta ake girmamawa.

Tun 2023 aka fara shigo da tambayoyi masu zaɓi uku a maimakon huɗu. Cire zaɓi ɗaya bai rage wahala sosai ba, domin wanda ke fita yawanci shi ne marar kan gado, sai a bar ka da amsoshi biyu da duk ma'aikaci nagari zai iya yi. Abin da ke raba su kalma ɗaya ce da ake rubutawa da manyan baƙaƙe: FIRST (da farko), NEXT (na gaba), BEST (mafi kyau) ko MOST (mafi). Idan an ce me za a fara yi, tsarin da ya fi fid da mutum shi ne a tabbatar babu haɗari ga rai, a duba ko matsalar ta jiki ce ko ta maye, a saurari mutumin, a tantance, sannan a ɗauki mataki. Dattijon da ya ruɗe farat ɗaya likita yake buƙata kafin zaman ba da shawara. Yawancin faɗuwa daga gaggawar kawo mafita take, ko daga amsawa da yadda ake yi a ofishinku a maimakon yadda ƙa'ida ta ce. Kada kuma a ƙara wa labarin abin da ba a rubuta ba.

Littattafan shiri na tsohon tsari ba su zama na zubarwa ba, ilimin bai sauya ba. Jadawalin karatu ne za a sake. A sauko da sabon jerin darussa daga shafin ASWB, a bi shi layi-layi, a sa alama a kan abin da aka iya da wanda ba a iya ba. Mai zaman ta lafiyar ƙwaƙwalwa ya tabbatar littafinsa na tantance cututtukan ƙwaƙwalwa DSM-5-TR ne, bugun 2022. A yi gwajin cikakkiyar jarrabawa aƙalla sau biyu da agogo a gaba, kuma a kowace tambayar da aka faɗi a rubuta dalili: rashin sani ne, ko rashin karanta tambayar da kyau? Maganinsu daban ne.

Sai batun takardu, inda ake asarar watanni a banza. A yawancin jihohi hukumar jiha ce take fara ba da izini, sannan a yi rajista da ASWB, sannan a zaɓi rana a cibiyar Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar. Kuɗin rajista dala 230 ne ga matakan ƙasa uku, har da na mai digiri na biyu, dala 260 ga manyan biyu, har da na masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya ya jira kwana 90. Sunan da ke kan katin shaida dole ya yi daidai da na rajista, abin da kan ba masu suna uku ko masu rubuta Muhammad iri biyu matsala a ƙofar shiga. Mai digiri daga Najeriya, Nijar ko Gana yawanci sai hukumar CSWE, mai kula da ilimin wannan aiki a Amurka, ta tantance takardunsa tukuna. Wasu jihohi suna ba wanda Ingilishi ba harshensa na farko ba ne ƙarin lokaci da izinin shiga da ƙamus, amma sai an nema an samu amincewa kafin a tsayar da rana.

Bayan rahoton ASWB na 2022, wanda ya nuna baƙar fata da masu yawan shekaru sun fi faɗuwa, muhawara ta yi zafi, wasu jihohi kuma suka sassauta. Ilinoi ta riga ta cire jarrabawar ga lasisin matakin ƙasa tun farkon 2022. Sai dai yarjejeniyar lasisin da ke ba da damar aiki a jihohi da dama tana neman wanda ya ci jarrabawar ASWB, don haka mai niyyar ƙaura zuwa wata jiha gara ya zauna ta ko da jiharsa ba ta tilasta masa ba.