Yadda na je Kaduna na kwato Fijo daga hannun 'yan gwangwan

Ranar wata Asabar ko karyawa ban yi ba abokina ya bugo min waya wai in taso maza, ya ga wata Fijo 504 a filin 'yan gwangwan can gefen baifas, kuma Litinin za a sa mata wuta a yanka ta a sayar a kilo. Ya san ciwona, irinta mahaifinmu ya riƙe har ya rasu.

Na biya na ɗauki Baba bakanike, dattijo ne da ya tsufa a gyaran Fijo, muka shiga motar haya daga Zariya. Tafiyar kamar kilomita 80 ce, Jaji, Mararrabar Jos, Rigachikun, sai ga mu a Kawo, daga nan Keke Napep ta bi da mu ta Mando.

Da na gan ta sai da gabana ya faɗi. Tayoyi huɗu duk sun kwanta, gilashin baya babu, fentin da a da fari ne ya koma kalar ƙasa, kaza ma ta yi ƙwai a kujerar baya wallahi. Tambarin zakin nan ne kawai ya rage a gaba. Ni har na fara cewa mu koma, Baba ko kallona bai yi ba, ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta yana ƙwanƙwasa bodin da sifana yana neman inda tsatsa ta ci, ya fito ya ɗaga bonet ya ɗora sifana a kan fulin injin ya murɗa a hankali, sai injin ya juya. Ya matso ya raɗa min, "Ɗana, injin bai kafe ba, amma kar ka nuna zumuɗi a gaban mutumin nan."

Ciniki ya ci awa guda. Na taya, mai filin ya ce albarka, na ƙara ya ce albarka, shi lissafin nauyin ƙarfe yake yi ni kuma mota nake gani. Sai da muka juya kamar za mu tafi ya ce, "Alhaji dawo, na sallama."

Abin da ya tsaya min a rai, motar nan fa 'yar garin ce. A unguwar Kakuri kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara harhaɗa Fijo a 1975, shekara bakwai bayan 504 ta fito a Faransa a 1968, har ta zama motar gwamnati da ta tasha, ga a-kori-kura a ƙauyuka. Wato a garin da aka haɗa ta ake shirin yanka ta.

Janwe ya kai ta garejin wani yaron Baba a Tudun Wada, mu kuma muka faɗa kasuwar Panteka neman kaya. Lagireto da kafireta da fulogi ba su ba mu wahala ba, fitilun gaba ne muka sha yawo a kai, wannan ya tura mu wajen wancan har la'asar, ƙarshe a ƙasan wani tarin ƙarfe aka zaƙulo guda ɗaya. Ɗayar sai bayan sati uku.

Wata biyar ina zirga-zirga tsakanin Zariya da Kaduna, mai walda, mai fenti, mai wayarin, mai kujeru, uwargida har ta fara kiran motar kishiya. Ranar da aka tayar da ita hayaƙi ya cika garejin yara suna ihu. Na ce sai mun je Kakuri ta ga gida kafin mu kama hanya. Mun je kuwa, amma a dawowa ta mutu mana daidai gadar Kawo, Baba ya kama sitiyari ya ce in sauka in tura.