Kuɗin albasata da koin miliyan 120

A walet ɗin wayata har yau akwai koin miliyan 120 na kuɗin albasata, ban da waɗanda na ƙara daga baya. Wanda ya leƙa zai ce ga attajiri, alhali ko kofin koko ba za su saya mini a Mabera ba. Ku ƙannena da kuka fara sa ƙafa a harkar kirifto, bari in ba ku labarin yadda suka zo hannuna.

Ni ɗan albasa ne. Kawuna yakan sayi albasa hannun manoman Goronyo da Wurno lokacin da ta yi araha, wajen Maris zuwa Afrilu, ya zuba a rudu ya jira ƙarshen shekara. A 2024 na haɗa ɗan jarina da nasa. Wata bakwai ina juya albasa ina tsince ruɓaɓɓu cikin ranar Sakkwato, kun kuwa san ranar. Da muka sayar a Nuwamba, uwa da riba rabona ya kama naira dubu 600.

Ku tuna yadda gari yake a shekarar. A watan Mayu Notcoin, koin ɗin da ake tarawa ta hanyar danna waya, ta fito kasuwa, yaran da ba su zuba ko sisi ba, danna waya kawai, suka ga kuɗi a hannu. Daga nan kowa ya koma ɗan baiwa, har masu kabu-kabu a Dandima suna jiran fasinja suna dannawa. A Disamba Bitcoin ya haura dala dubu 100 karon farko. Cikin wannan zafin wani abokina ya jefa ni wani guruf inda ake ba da sigina, wato shawarar koin ɗin da za a saya, aka ce ga sabon koin, kwana uku ya ninka biyu, wanda bai shiga yau ba sai dai ya ji labari.

Abin da ya kama ni shi ne arhar farashin. Koin ɗaya bai kai kwabo ba, sifili ne jere bayan ɗigo. Masu guruf suna cewa, "Ka dai ƙaddara ya kai dala ɗaya." Na ƙaddara, na ga kaina da dala miliyan 120, na zuba kuɗin albasa gaba ɗaya. Lissafin da ban yi ba, ɗan aji shida zai iya yinsa. Koin ɗin guda tiriliyan ɗaya aka ƙirƙira. Kafin kowane ɗaya ya zama dala, sai darajarsu duka ta kai dala tiriliyan ɗaya, wato kusan rabin darajar Bitcoin baki ɗaya a lokacin, Bitcoin ɗin da yake aiki tun 2009 kuma ba zai taɓa wuce guda miliyan 21 ba. Farashin ƙwaya ɗaya ba ya gaya maka komai sai ka ninka shi da yawan ƙwayoyin. Da wannan ma'aunin za ku iya auna zancen da aka daɗe ana yawo da shi cewa koin ɗin Pi guda ɗaya zai yi dala 314,159: Pi biliyan 100 ne iyakarsa, in ka ninka za ka sami adadin da ya fi duk abin da duniya take samarwa a shekara sau ɗaruruwa.

Kwana goma kuɗina ya nuna naira miliyan biyu da dubu 400 a fuskar waya. Na kai wa Kawu ya gani, ina jiran yabo. Ya riƙe wayar nesa da ido, ya ce, "To abin ga, mi aka yi da shi?" Na ce, "Tashi yake yi, Kawu." Ya ce, "Na ji shina tashi. Wa ka cin shi? Albasa in ta yi tsada ka san dalili, tukunya na biɗarta, rudu ya ƙare. Wanga in ba ku ba, wa ka saye nai?" Na yi dariya a raina na ce tsoho bai san zamani ba.

Tambayarsa kuwa ita ce tambayar. Ethereum, ɗaya daga cikin manyan koin, ana biyan kuɗin aiki da shi duk sanda wani ya tura kuɗi ko ya gudanar da manhaja a kansa, ko farashi ya tashi ko ya faɗi akwai mai buƙatarsa. Mutum yana iya jayayya a kan ko ya kai abin da ake sayensa, amma akwai abin da za a yi jayayyar a kai. Nawa koin ɗin ba shi da aiki ko ɗaya. Hoton dabba ne, da shafin intanet mai kyalli, da alkawarin "listin", wato sanya shi a babbar kasuwa, nan ba da daɗewa ba. Mai saye ɗaya ne zai iya fitar da ni, wato wani da ya fi ni zumuɗi, kuma irin waɗannan ƙarewa suke yi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu abin da aka ɓoye mini. Kowane koin irin wannan yana da adireshi, in ka saka shi a shafin Etherscan ko BscScan ko makamancinsu za ka ga walet nawa ke riƙe da shi da kason kowa, kyauta, minti biyar. Sai bayan ɓarna na duba: walet goma ne ke riƙe da fiye da rabi. Na kuma duba rumbun da ake musaya a cikinsa, inda ainihin dalolin da za a biya mai sayarwa suke, na tarar bai kai ko kashi biyu cikin ɗari na darajar da ake ta yayatawa ba. Ma'ana miliyan biyun da nake gani hoto ne. Kamar a ce buhu dubu ke gare ka, kasuwar kuma mai saye ɗaya ne da kuɗin buhu goma. Ko gwada sayar da kaɗan ban yi ba don in ga ƙofar tana buɗewa. A Nuwamban 2021 wani koin mai suna SQUID ya hau har sama da dala 2,800, masu shi sun tsara shi yadda za ka saya amma ba za ka iya sayarwa ba, suka kwashe miliyoyin daloli ya koma sifili cikin mintuna. Na san labarin. Na ɗauka na wasu ne.

Masu yi mana waƙar koin ɗin a TikTok ma ban taɓa tambayar kaina wa ke biyansu ba. A 2022 hukumar hada-hadar hannun jari ta Amurka ta sa Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26 saboda ta tallata wani koin ba ta bayyana cewa an biya ta dala dubu 250 ba. In mai arzikinta ta karɓa, ina ga yaron da ke neman kuɗin data?

Wata asuba na tashi, kafin alwala na duba waya, dubu 51 na gani. Manyan walet ɗin nan sun zazzage kayansu cikin dare. A nan ya kamata in tattara ragowar in fita. Sai guruf ya ɗauka, "Masu raunin zuciya ne ke gudu, yanzu ne lokacin saye." Na je wurin ƙanwata da ta ɗauki adashinta a makon, na ce ta ara mini dubu 100, sati biyu zan maido da ƙari. Ta ce, "Yaya, ba dai wannan abin na waya ba?" Na ce mata na albasa ne, na karɓa na ƙara sayen koin ɗin. Duk asarar da na yi, wannan ƙaryar ce take hana ni barci. Kwana huɗu bayan haka aka janye rumbun gaba ɗaya, aka rufe guruf.

Kada ku ɗauka ƙananan koin kaɗai ke yin haka. Koin ɗin LUNA ya taɓa shiga cikin manya goma na duniya, ya haura dala 100 a Afrilun 2022, a Mayu ya koma bai kai santi ba, bayan ribar kusan kashi 20 cikin ɗari da ake ba masu ajiyar UST, ɗan'uwansa da aka ce kullum dala ɗaya zai tsaya, ta jawo jama'a kuma aka rasa abin da zai riƙe ta. Batun halacci kuma malamanmu sun saɓa, ku je ku tambaya, amma sayen abin da ba ka san mene ne ba ko a Kasuwar Kara ba a yi, sai ka buɗe bakin rago ka ga haƙori.

Ban bar kirifto ba, sai dai yanzu ba na sa abin da ya wuce ribar buhu biyu, kuma sai na ga yawan koin, na ga masu riƙe da shi, na ga ranar da za a sako kason masu shi kasuwa, na saya kaɗan na sayar. Yawancin waɗanda ake turo mini a mataki na biyu suke faɗuwa. Ƙanwata na gama biyanta a watan azumi, dubu goma goma. Kawu ya karɓe ni a rudu karo na biyu, amma bana ba da jari ba, da ƙarfi, kuma duk sanda ya ga na sunkuya kan waya sai ya ce, "Shina tashi?"